Masu Gyaran Magana: Yadda Ake Karatun Wannan Aiki, da Inda Ya Shafe Mu

   Yau filin namu zai taɓo wani aiki ne da ba kasafai ake jin sunansa a gidajenmu ba, alhali kuwa matsalar da yake magancewa da wuya ki shiga unguwa ba ki tarar da ita ba. Wannan aiki shi ne gyaran magana. Zan yi miki bayanin yadda ake karatunsa, da dalilin da ya sa karatun yake da tsawo, sannan mu dawo kan abin da ya shafe ni, ya shafe ki.

Ki ɗan tsaya ki tuna da gidajen da kika sani. Akwai yaron da ya cika shekara uku, yana gudu yana tsalle, amma in yana son ruwa sai dai ya ja zanen uwarsa ya nuna randa. Akwai yarinya mai i'ina da aka daina aike saboda in ta je sai yara su yi ta kwaikwayonta. Akwai jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa, nono yana fita ta hanci in yana sha. Akwai wanda sanƙarau ya kama, ya tashi, amma ji ya tafi, magana ta bi shi. Ga kuma dattijuwa da hawan jini ya kayar, ɓarin jiki ya shanye, tana kallonki ta san ke ce amma sunanki ya ƙi fitowa, in an ba ta ruwa sai ta ƙware.

To, me muka saba yi? Wani lokaci a ce linzami ne, a kira wanzami ya yanke. Wani lokaci a ce belu ne, a cire. Wani lokaci a ce iska ce ta taɓa shi. Mafi yawa kuma sai a ce a ƙyale shi, ai babansa ma bai yi magana da wuri ba. Kowa da kyakkyawar niyya yake faɗa. Sai dai masana sun nuna cewa linzami, ko da akwai shi, abin da yake iya kawowa shi ne wahalar kama nono ko wahalar furta wasu 'yan sautuka, ba shi yake hana yaro sanin kalmomi da haɗa su ba. Cire belu kuwa ba ya buɗe baki, yana dai iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su gano abin da ya tare magana, su kuma koyar da hanyar buɗe ta. A asibiti za ki ji ana ce musu sifich tarafis, mu kuwa a nan bari mu kira su masu gyaran magana. Ba sa tiyata, ba sa rubuta ƙwaya. Kayan aikinsu kunne ne, da ido, da haƙuri, da ilimi mai zurfi. Suna aiki a asibitoci da makarantu, tare da likitan kunne, hanci da maƙogwaro, da likitan yara, da masu gashin ƙashi, da malaman makarantun kurame.

A da can, aikin ba shi da tsararren karatu. Ga misali daga Ingila. Sarki Joji na 6, mahaifin Sarauniya Elizabeth wadda ta ziyarci Kaduna da Kano a 1956, yana da i'ina mai tsanani tun yana yaro, ga shi kuma zamanin da rediyo ya shigo, dole sarki ya yi wa jama'a magana kowa yana ji. Tun a 1926, kafin ya hau sarauta, ya fara zuwa wurin wani mutumin Ostareliya mai suna Lionel Logue. Shi wannan mutum ba likita ba ne, malamin koyar da iya jawabi ne da ya ƙware ta hanyar aiki da mutane. Da taimakonsa sarkin ya yi jawabin shiga Yaƙin Duniya na Biyu ta rediyo ranar 3 ga Satumba, 1939. Masu wannan sana'a kuwa sun ga bai kamata kowa ya riƙa yi da ka ba. A Amurka sun kafa ƙungiyarsu tun 1925, wadda ake kira ASHA a yau. A Ingila kuma suka kafa tasu kwalejin a 1945.

Bari mu ɗauki Amurka, domin a can ne aka fi ɗaure wannan aiki da digiri na biyu. A can, ko yarinya ta gama digirin farko na shekara 4, ba a ba ta damar zama cikakkiyar mai gyaran magana sai ta ƙara digiri na biyu, wanda yawanci yake ɗaukar shekara 2. Kuma sai a jami'ar da hukumar tantance wannan karatu ta amince da ita. Ana son ta riga ta taɓa karatun halittu, da fizis ko kemistiri, da lissafin ƙididdiga, da ilimin halayyar ɗan Adam. Wadda ta karanta wani fanni daban a digirin farko, kamar harsuna ko koyarwa, ba a rufe mata ƙofa ba, sai dai ta fara cike darussan da ta rasa.

Za ki ce, duk wannan don a koya wa yaro magana? Ai mu ma muna koya wa namu a gida ba tare da digiri ba. Gaskiya ne uwargida, ke ce malamar farko. Amma yaron da komai nasa yake lafiya, kusan da kansa yake ɗaukar magana daga bakinki. Wanda wani abu ya tare, sai an san inda abin yake, kuma wuraren da yake iya kasancewa suna da yawa.

Shi ya sa abu na farko da ɗaliba take koya shi ne ƙirar jiki. Magana daga huhu take farawa, iska ta taso ta bi ta maƙogwaro, ta kaɗa wasu 'yan tantani guda biyu, murya ta fito. Daga nan harshe da leɓɓa da haƙora da ganɗa su sarrafa muryar ta zama kalma. Sa hannunki a wuyanki ki ce "zzz", za ki ji yana rawa. Ki ce "sss", za ki ji shiru. Bambancin ke nan tsakanin "zo" da "so". Can bayan ganɗa kuma akwai wani nama mai laushi da yake ɗagawa ya toshe hanyar hanci in muna magana. Yaron da aka haifa da tsagaggiyar ganɗa wannan ƙofar ce ba ta rufuwa, shi ya sa maganarsa take fita ta hanci. A duniya, kusan jariri 1 cikin 700 ake haifa da tsagewar leɓe ko ganɗa. Likita zai ɗinke, amma bayan ɗinkin sau da yawa sai mai gyaran magana ta koya wa yaron yadda zai tura iska ta baki.

Abu na biyu shi ne ƙwaƙwalwa. A 1861 wani likitan Faransa mai suna Paul Broca ya duba wani majinyaci da yake gane abin da ake faɗa masa, amma duk abin da zai ce sai "tan" kawai ya fito. Da mutumin ya rasu aka duba, sai aka tarar da lahani a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. A 1874 kuma wani Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana wani wurin daban, wanda in ya lalace mutum zai yi ta zuba magana amma ba ma'ana, kuma ba ya gane ta wasu. A yawancin mutane ɓangaren hagu ne yake riƙe da harshe, kuma shi ne yake juya ɓarin dama na jiki. Kin ga dalilin da ya sa wadda hannunta da ƙafarta na dama suka shanye ta fi yawan rasa magana. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka sami shanyewar ɓarin jiki suna gamuwa da wannan. Ba hauka ba ne, ba kuma ruɗewar tsufa ba ce. Hankalinta yana nan, hanyar kalma ce ta toshe.

Abu na uku shi ne yadda yaro yake girma da magana. Wajen wata 6 zuwa 9 yana gwaranci, "ba-ba-ba", "da-da-da". Wajen shekara 1 kalmar farko take fitowa. Wajen shekara 2 yana haɗa kalma biyu, "Mama ruwa", "ba ni". Yara sun bambanta, wani ya riga wani, amma ɗaliba tana koyon inda bambanci ya tsaya, inda kuma matsala ta fara. Haka ma i'ina: yawanci tana farawa tsakanin shekara 2 da 5, kusan yara 5 cikin 100 suna yin ta na wani lokaci, mafi yawansu ta wuce, ta zauna wa kusan mutum 1 cikin 100, kuma ta fi zama a jikin maza. Tana bin jini a wasu gidajen. Ba tsoro ne yake haifar da ita ba, ba kuma rashin wayo ba.

Sai kuma ji da haɗiya. Yaron da ba ya ji ba zai kwaikwayi abin da bai ji ba, don haka duk yaron da magana ta yi wa jinkiri, kunne ake fara aunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara daga abubuwan da ake iya kaucewa yake zuwa, irin su ƙyanda, da sanƙarau, da ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe, da matsalolin haihuwa. Haɗiya kuwa, gaɓoɓin da muke magana da su, da su muke haɗiya. In suka yi rauni, ruwa ko abinci yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu, har a rasa rai. Mai gyaran magana tana koyon duba wannan, wani lokaci da hoton asibiti mai nuna abinci yana wucewa, ta faɗi irin kaurin abincin da ya dace da majinyaci da yadda za a zaunar da shi.

To, duk wannan na aji ne. Rabin karatun a gaban majinyata ake yin sa. Dokar ƙungiyarsu ta ce sai ɗaliba ta cika awa 400 na aikin gwaji. Awa 25 na farko kallo kawai take yi, tana ganin yadda ƙwararriya take aiki. Sauran awa 375 ita take riƙe majinyaci, yara da manya, masu matsala iri-iri. Kuma ba a sakar mata ita kaɗai: dole mai kula da ita ta sa ido kai tsaye a kan aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin da take tare da kowane majinyaci. Kamar dai yadda ba kya sakar wa 'yarki tukunyar baƙi ran da ta fara koyon tuwo.

Wannan tsanani yana da tarihi. A 1939, a jihar Ayowa ta Amurka, wani malamin jami'a da ɗalibarsa suka yi gwaji a kan marayu 22. Wasu daga cikin yaran maganarsu lafiya lau, amma aka yi watanni ana gaya musu cewa bakinsu yana da matsala, kada su yi magana sai sun tabbata za su faɗa daidai. Yaran nan suka koma masu jin kunyar buɗe baki, wasu suka ɗauki ciwon abin har tsufansu. Sai a 2001 jami'ar ta nemi gafara, a 2007 kuma jihar ta biya diyya. Darasi biyu ke nan. Na farko, mai ilimi ma yana iya cutarwa in ba mai sa masa ido. Na biyu naki ne uwargida: tsawa da kwaikwayo da "yi magana mana kamar mutum" ba sa gyara bakin yaro, rufe shi suke yi.

Bayan an gama digiri na biyu, da sauran tafiya. Akwai jarrabawar ƙasa mai suna Praxis. Sannan a yi aikin sanin makama na aƙalla mako 36, awa 1,260, ana biyanta albashi amma tana ƙarƙashin wata babba. Sai an gama wannan ake ba ta shaidar ƙwarewa, ta kuma nemi lasisin jihar da za ta yi aiki. Ko bayan nan, duk shekara 3 sai ta ƙaro ilimi na awa 30. In kika haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa tsayawa da ƙafarta kusan shekara 7 ke nan. Wani abin sha'awa, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu wannan aiki a Amurka mata ne.

Ba ko'ina ne tsarin yake haka ba. A Ingila ana iya shiga aikin da digirin farko na shekara 3 ko 4, ko kuma digiri na biyu na shekara 2 ga wadda ta karanta wani abu daban. A maƙwabciyarmu Gana, Jami'ar Gana ta fara digiri na biyu a wannan fanni a 2016. A nan Nijeriya, Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyar da ilimin ji da gyaran magana a sashenta na ilimin masu buƙata ta musamman, kuma akwai hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da majinyata, wadda aka kafa da dokar soja ta 38 a 1988, ita take yi wa masu gyaran magana rajista tare da masu gashin ƙashi. Amma masu aikin 'yan kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da yawanmu, kuma sun fi taruwa a manyan birane.

Ga inda nake son ki ba ni hankalinki sosai. Likitan ido yana iya zuwa daga kowace ƙasa ya yi miki aiki ko bai iya "sannu" ba. Mai gyaran magana kuwa harshe shi ne wurin aikinta. Ki duba Hausa. "Kafa" daban, "ƙafa" daban. "Bata" daban, "ɓata" daban. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala, hawa da saukar murya ne kawai ya raba su. "Gari" da ake zama da "gari" na tuwo, jan wasali ne ya raba su. Wadda ba ta san wannan ba, ta yaya za ta gane yaro ya faɗa daidai ko bai faɗa ba? Sannan in ɗan Sakkwato ya ce "hwari" maimakon "fari", ba tsamin baki ba ne, haka ake faɗa a gidansu. A karatunsu ana jaddada musu cewa bambancin kari ba ciwo ba ne, to amma sai ka san karin kafin ka bambance. Yawancin gwaje-gwajen da ake auna maganar yara da su da Turanci aka tsara su, da hotunan abubuwan da yaronmu bai taɓa gani ba. Wa zai tsara na Hausa, da hoton turmi da akuya da buta, in ba 'ya'yanmu ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Buƙatar kuwa tana bakin ƙofarmu. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda take cin naman baki da fuska, tun 1999 yake aiki, kuma yaran da aka yi wa tiyata da yawa sai sun sake koyon ci da magana. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. Ga makarantun kurame a jihohinmu. Sannan ki tuna da gidajenmu irin na ba-shiga. In tsohuwa ta kwanta ba ta iya haɗiya, ko jariri ya kasa kama nono, mace ce za ta yi sallama ta shigo har ɗaka, ta zauna a tabarma ta nuna miki yadda za ki yi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Don haka in kina da yarinya mai kaifin kunne, mai haƙuri da ƙannenta, mai son kimiyya, ki sa mata wannan aiki a rai. In muna maganar karatun 'ya mace a asibiti, likita da nas da ungozoma kawai muke ambata, ga wata ƙofa ta huɗu. Ta riƙe darussan kimiyya da Turanci da lissafi a sakandare, kada kuma ta raina Hausarta, domin ita ce jarinta. Ki zauna da maigida a lokacin da hankalinsa yake kwance, ki yi masa bayani. Karatun yana da tsawo, yana kuma cin kuɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma aure ba ya hana shi in an yi shawara tun farko, an kuma sa maganar a cikin abin da aka yarda da shi kafin ɗaurin aure.

Kafin mu sami namu masu yawa, ga abin da yake hannunki yau. Ki riƙa yi wa jaririnki magana tun yana goye, ki faɗa masa sunan abin da kike yi, kina daka, kina wanki, kina tankaɗe. Waƙar reno da tatsuniya makaranta ce, kuma waya ko talabijin ba sa maye gurbin bakinki. Ki kai shi rigakafi. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen da yake zubar da ruwa, a kai asibiti. In ya kai wata 9 ba ya gwaranci ko ba ya waiwaye in an kira shi ta baya, ko ya kai shekara ɗaya da rabi ba kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko kuma yana magana sai ta ɗauke, ki nemi izinin maigida a je asibiti, a ce a auna masa ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai i'ina kuma ki saurare shi har ya gama, kada ki ƙarasa masa, ki rage saurin taki maganar, ki hana 'yan'uwansa dariya. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci, kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa yana kwance. In yana yawan ƙwarewa ko muryarsa tana gurgura bayan ya sha ruwa, a gaya wa likita. Ki yi masa magana a hankali, da gajerun kalmomi, da girmamawar da kika saba ba shi, domin yana nan a ciki.

To 'yan'uwa, a nan za mu dakata a yau. Wadda ta ji, ta gaya wa abokiyar zamanta da maƙwabciyarta, a kuma gaya wa su inna da su kaka cikin ladabi, domin su ake fara tambaya in yaro ya yi jinkirin magana.